Inji a Bayan Direba: Tambayoyi da Amsoshi kan Motocin Tseren da Suka Sauya Le Mans

Duk wanda ya ɗauki hoton motar da ta ci tseren Le Mans na awa 24 da ake yi a Faransa a 1958 ya ajiye kusa da na wadda ta ci a 1967, zai yi zaton tsakaninsu shekara hamsin ne. Ta farko dogon hanci gare ta, direba na zaune can baya kusa da tayoyin baya, kafaɗunsa a waje. Ta biyu kuwa ta kwanta a ƙasa kamar damo, direba ya matso gaba, injin yana ruri a bayan ƙeyarsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar wannan zamani suka fi yi.

Me ake nufi da inji a tsakiya? Ba daidai yake da inji a baya ba?

Ba daidai ba ne, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. A tuna da Volkswagen Beetle, wadda aka daɗe ana haɗawa a Legas: injinta yana can ƙarshen mota, ya wuce tayoyin baya. Wannan shi ne inji a baya. Inji a tsakiya kuwa yana zaune ne tsakanin kujerar direba da tayoyin baya, akwatin giya kuma yana bin bayansa. Bambancin bai wuce kamu biyu ko uku ba, amma a kan kwana kamar sama da ƙasa ne.

Mece ce motar gwaji ta tsere, me kuma ya raba ta da Formula 1?

Motar Formula 1 kujera ɗaya gare ta, tayoyinta a fili, tserenta bai cika wuce awa biyu ba. Waɗannan da muke magana a kansu doka ta ce sai sun kasance da siffar motar titi: kujera biyu, fitilu, tayoyi a rufe, a wasu shekarun har da tayar safaya da ɗan wurin ajiye jaka. An kira su na gwaji ne saboda ba a tilasta wa kamfani ya ƙera da yawa don sayarwa ba. Ko guda uku ya yi, zai iya shiga. Aikinsu doguwar tafiya: awa 24 a Le Mans ta Faransa, awa 12 a Sebring ta Amurka, kilomita 1000 a Nürburgring ta Jamus, sai Targa Florio a kan hanyoyin duwatsun tsibirin Sisili, inda zagaye ɗaya yake kilomita 72.

Wane amfani ke cikin mayar da inji tsakiya?

A dubi ɗan garuwa da sandarsa a kafaɗa, garwa ɗaya a gaba ɗaya a baya. In zai juya sai ya yi a hankali, in kuma ya fara juyawa da ƙarfi, nauyin ruwan ne zai ja shi. Wanda ya rungume garwa ɗaya a ƙirji kuwa, duk inda ya so zai waiga nan take. Haka mota take. In aka tattara inji da direba da tankin mai a tsakiya, tana bin sitiyari ba gardama.

Sai kuma sauran ribar da ke biyo baya. Babu doguwar farfela da za ta ratsa ƙarƙashin direba, don haka ana iya kwantar da kujerarsa ƙasa sosai, motar ta gajarce, iska ta rage tare ta. Nauyin injin yana danne tayoyin baya, waɗanda su ne ke tura motar, sai su kama ƙasa da kyau wajen fita daga kwana. In an taka birki nauyi yakan zubo gaba. Da yake tun asali bayan ya fi nauyi, sai tayoyi huɗun su raba aikin. Tankunan mai kuma ana ajiye su a gefen direba dama da hagu, ta yadda ko sun cika ko sun kusa ƙarewa, halin motar ba ya sauyawa sosai. A tseren da ake shan mai ana sake cikawa dare da rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wa ya fara?

Tunanin ya girmi yaƙin duniya na biyu. Kamfanin Benz ya fito da wata motar tsere mai inji a bayan direba a 1923, sannan Ferdinand Porsche ya zana wa Auto Union manyan motoci masu silinda 16 daga 1934. Amma waɗannan na gasar Grand Prix ne, kuma sun yi suna wajen wuyar sarrafawa, har mutane suka ɗora laifin a kan wurin da injin yake. Wannan mummunan suna ya jinkirta lamarin shekaru.

Motar farko da ta ɗauki sunan Porsche, wadda aka ƙera a garin Gmünd na Ostiriya a 1948, injinta a tsakiya yake. Da aka zo ƙera na sayarwa sai aka mayar da shi baya irin na Beetle don a sami wuri a ciki. Wani dillalin Volkswagen a Frankfurt, Walter Glöckler, shi ya dinga haɗa ƙananan motocin tsere da injin Porsche a farkon shekarun 1950 yana cin gasa da su, har kamfanin ya ga ya kamata ya yi tasa. Ita ce Porsche 550 ta 1953.

Me ya sa ake yawan ambaton Porsche 550?

Saboda ita ta nuna cewa ƙarami zai iya kayar da babba. Nauyinta wajen kilo 550, injinta lita ɗaya da rabi, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Injin da Ernst Fuhrmann ya zana mata, wanda aka saka daga baya, yana ba da ƙarfin doki 110, kowace silinda da fulogi biyu. Abokan hamayyarta na Ferrari da Jaguar da Maserati suna da ninki biyu ko uku na wannan ƙarfi.

A Le Mans ta 1953 guda biyu suka shiga, suka zo na ɗaya da na biyu a ajinsu na masu ƙaramin inji. A 1954 Hans Herrmann ya zo na uku a kan kowa da kowa a tseren Carrera Panamericana da ke ratsa Meziko. A shekarar ce kuma abin da har yau ake ba da labarinsa ya faru a tseren Mille Miglia na Italiya. Herrmann ya shawo kwana a guje sai ga shingen jirgin ƙasa an sauke, jirgi na tafe, birki kuma ba zai tsayar da shi ba. Ya buga hular abokin tafiyarsa Herbert Linge alamar ya sunkuya, su biyun suka duƙa, motar ta wuce ta ƙarƙashin shingen. Gajartar motar ce ta cece su. Suka ci gaba da tafiya har suka ci ajinsu.

Babbar nasarar ta zo a 1956, lokacin da Umberto Maglioli ya ci Targa Florio gaba ɗaya da 550A. Kilomita 720 na hawa da gangara da kwana bayan kwana, kusan awa takwas a kan sitiyari. A irin wannan hanya babu inda babban inji zai miƙe ƙafa. Magajiyarta, 718, ta zo ta uku a Le Mans a 1958, ta ci Targa Florio a 1959 da 1960, ta kuma ci Sebring a 1960. Mutanen da ba ruwansu da tsere sun san 550 ne ta wata hanya mai ban tausayi: a cikinta ɗan wasan fim James Dean ya mutu a ranar 30 ga Satumba, 1955.

Ina rawar da Ingila ta taka?

A ganina ba a ba ƙananan garejin Ingila haƙƙinsu a wannan tarihi. Charles Cooper da ɗansa John, a unguwar Surbiton kusa da Landan, sun fara ne bayan yaƙi da ƙananan motoci masu injin babur. Injin babur da sarƙa yake juya taya, don haka wurin da ya dace da shi shi ne kusa da tayar baya. Larura ce ta kai su, ba wani dogon lissafi ba, sai abin ya zame musu alheri. A 1955 suka fito da T39 mai yankakken baya, ɗauke da injin Coventry Climax wanda asalinsa na famfon kashe gobara ne. A 1958 Stirling Moss ya ci Grand Prix na Ajantina da Cooper, Jack Brabham kuma ya zama zakaran duniya da ita a 1959 da 1960. Daga nan gardama ta ƙare a Formula 1, ta rage a dogon tsere.

Colin Chapman na Lotus ya bi sahu da Lotus 19, sannan Lotus 23. A Nürburgring ta 1962, ana ruwan sama, Jim Clark ya ɗauki 23 mai injin lita ɗaya da rabi ya bar manyan Ferrari da Aston Martin a baya da tazara mai nisa. Abin da ya tsayar da shi hayaƙin salansa ne da ya dinga shiga inda yake zaune har ya jirkita shi, ya sauka daga hanya. Makonni kaɗan bayan haka masu duba motoci a Le Mans suka hana 23 shiga, wai tayoyin gaba noti huɗu ne na baya shida, safaya ɗaya ba za ta shiga duka ba. Aka gyara na baya suka koma huɗu, sai aka ce yanzu kuma ba su da ƙwari. Chapman ya yi rantsuwar ba zai sake kai motarsa Le Mans ba, bai kuwa sake ba.

Me ya hana Ferrari karɓar wannan tsari da wuri?

Mai cin nasara ba ya son a taɓa masa abin da ke kawo masa nasara. Testa Rossa mai inji a gaba ta ci Le Mans a 1958 da 1960 da 1961. Enzo Ferrari kuma mutum ne da ya ɗauki inji a matsayin ran mota, sauran duk abin ɗaukarsa ne. An daɗe ana danganta masa ra'ayin cewa doki jan keke yake yi, ba turawa ba. Akwai kuma dalili na gaskiya: injinsa mai silinda 12 dogo ne mai nauyi, kuma ba a da tabbacin akwai akwatin giya da zai jure ƙarfinsa awa 24 in an haɗa shi da aksil na baya wuri ɗaya.

Don haka suka fara da ƙarami. A 1961 injiniya Carlo Chiti ya fito da 246 SP mai silinda 6, lita 2.4. A shekarar ta ci Targa Florio a hannun Wolfgang von Trips da Olivier Gendebien, a 1962 ta sake cin Targa ta ƙara da Nürburgring. Duk da haka motar da ta ci Le Mans ta 1962, wato 330 TRI/LM ta Phil Hill da Gendebien, injinta a gaba yake. Ita ce ta ƙarshe. Daga ita babu wata mai inji a gaba da ta sake zuwa ta ɗaya a wannan tsere har yau.

To wace mota mai inji a tsakiya ta fara cin Le Mans?

Ferrari 250 P, a 1963. Lokacin Chiti da wasu manyan ma'aikata sun bar kamfanin a ƙarshen 1961, aikin ya faɗa hannun wani matashi, Mauro Forghieri, wanda bai kai shekara talatin ba. Aka tsawaita jikin SP aka saka injin silinda 12 mai lita 3, ƙarfin doki wajen 310. Ta ci Sebring, ta ci Nürburgring, sannan a watan Yuni Lorenzo Bandini da Ludovico Scarfiotti suka ci Le Mans da ita bayan sun yi fiye da kilomita 4,500. Motocin Ferrari ne suka kwashe matsayi shida na farko.

Amma ba ita ce ke kan gaba ba yawancin tseren. 'Yar uwarta ta John Surtees da Willy Mairesse ce ta ja ragama tun dare har safiyar Lahadi. Aka tsaya shan mai, wani ya zube a jikin motar, Mairesse ya fita da ita, bai yi nisa ba wuta ta kama. Ya tsira da ƙuna. Wannan ne ɓangaren tsarin da ba a cika faɗa ba: direba na zaune tsakanin tankuna biyu, injin mai zafi na jingine da bayansa.

Me ya faru da 250 LM da har ake cewa an yi rigima a kanta?

Ferrari ya ɗora wa 250 P rufi ya kira ta 250 LM, ya nemi hukumar tsere ta duniya ta amince da ita a ajin motocin titi, wanda sharaɗinsa a ƙera guda 100. Hukumar ta ƙi, domin adadin bai ko kusa ba. Duka-duka wajen 32 aka yi. Dole ta yi takara da motocin gwaji waɗanda suka fi ta ƙarfi. A 1965 manyan motocin Ford suka lalace, na kamfanin Ferrari ma suka bi su da matsalar birki da giya, sai wata 250 LM ta ƙungiyar Luigi Chinetti ta Amurka, a hannun Masten Gregory da Jochen Rindt, ta shigo ta ɗaya. Ferrari bai sake cin Le Mans ba sai 2023.

Yaya Ford ya shigo?

A 1963 Henry Ford na biyu ya nemi sayen kamfanin Ferrari. Ciniki ya yi nisa, sai ya wargaje a watan Mayu a kan wanda zai riƙe ikon sashen tsere. Ford ya ƙudura sai ya kayar da shi a Le Mans. Da yake ba su da gwaninta a wannan fanni, suka nufi Ingila wurin Eric Broadley, mai ƙaramin kamfanin Lola, wanda ya riga ya saka injin Ford mai silinda 8 a tsakiyar motarsa Mk6. A nan ma ƙarami ne ya koya wa babba hanya. Daga wannan haɗin aka sami GT40, mai tsayin inci 40 daga ƙasa, wato mita ɗaya da ɗan kai.

Kuɗi bai sayi nasara nan take ba. A 1964 babu ko ɗaya da ta gama Le Mans, akasari saboda akwatin giya. A 1965 ma haka, duk da cewa an miƙa aikin ga Carroll Shelby har Ken Miles da Lloyd Ruby sun ci tseren Daytona na Amurka a farkon shekarar. Sai a 1966, da injin lita 7 da sabon akwatin giya da dabarar sauya faifan birki cikin 'yan mintoci, suka zo na ɗaya da na biyu da na uku. Miles ne ke gaba, aka umarce shi ya rage gudu don motocin su tsallake layi tare, sai nasarar ta koma ga Bruce McLaren da Chris Amon. Wata biyu bayan haka Miles ya mutu yana gwajin sabuwar motar Ford a Riverside. Wannan labari har yanzu yana taɓa min zuciya, domin shi ya fi kowa shan wahalar gyara motar.

Ferrari ya rama a Daytona a 1967 da matsayi uku na farko. A Le Mans kuwa Dan Gurney da A. J. Foyt suka ci da Ford Mk IV, suka yi fiye da kilomita 5,200.

Wace matsala ce ta fi ba masu ƙera su wahala?

Iska. Zafi da ƙara da karyewar giya duk an san maganinsu da sannu, amma iska ba a fahimce ta ba. An yi ta ƙera jiki mai santsi don ya ratsa iska, ba a lura cewa irin wannan siffa ta fiffiken jirgin sama ce ba. Miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne a Le Mans kusan kilomita 6 ce a lokacin, babu kwana. Mota ta haura kilomita 300 a awa, sai direba ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, ko bayan motar ya fara rawa. A gwajin watan Afrilu na 1964 GT40 biyu aka kai, duka biyun suka yi hatsari.

Maganin farko ɗan ƙaramin abu ne: leɓe da ake tayarwa a ƙarshen bayan mota, wanda Ferrari ya fara sakawa a 246 SP a 1961 lokacin da Richie Ginther ke gwada ta. Wanda ya ɗauki lamarin da gaske shi ne Jim Hall na garin Midland a Texas, injiniya kuma direba, mai motocin Chaparral. Shi ya gane cewa ana iya sa iskar ta danne mota ƙasa. Motarsa ta ci Sebring a 1965 cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wata ta ci Nürburgring a 1966, sannan ya kafa babban fiffike a sama a kan sanduna biyu. Da yake motar giyarta mai sauya kanta ce, babu kuloci, sai ƙafar hagun direba ta koma sarrafa fiffiken: a miƙe ya kwantar da shi, a kwana ya sake shi ya tashi. Da wannan Phil Hill da Mike Spence suka ci tseren Brands Hatch na Ingila a 1967.

Yaushe wannan zamani na farko ya ƙare?

Gudun 1967 ya tsorata hukuma, sai daga 1968 ta taƙaita injin motocin gwaji zuwa lita 3. An bar ƙofa ga mai lita 5 in an ƙera 50, daga baya aka rage zuwa 25. Ta wannan ƙofa tsohuwar GT40 ta ƙungiyar John Wyer ta ci 1968 da 1969, kuma mota ɗaya ce ta ci duka biyun. Ta ita kuma Porsche ya shigo da 917: a watan Afrilun 1969 ya jera guda 25 a harabar masana'antarsa don masu duba su ƙirga da idonsu.

A Le Mans ta 1969 har lokacin al'adar ita ce direbobi su tsaya a tsallaken hanya, a kaɗa tuta su sheƙa a guje su faɗa motocinsu, da yawa su tashi ba su ɗaura bel ba. Jacky Ickx ya ƙi gudu. Ya taka a hankali, ya zauna, ya ɗaura bel ɗinsa, ya tashi na ƙarshe. A zagayen farko John Woolfe ya mutu a cikin 917. Washegari Ickx ya ci tseren da tazarar mita 120 kacal, kuma daga 1970 aka daina wannan gudu zuwa mota.

Wanda ya zo na biyu a bayansa da Porsche 908 shi ne Hans Herrmann, mutumin nan da ya duƙa ƙarƙashin shingen jirgin ƙasa, wanda kuma yana cikin waɗanda suka tuƙa 550 a Le Mans ta 1953 da injin da bai kai ƙarfin doki 100 ba. A 1970 ya dawo da 917 mai silinda 12 da ƙarfin doki fiye da 500, tare da Richard Attwood. Aka yi ta ruwa cikin dare, motoci bakwai kaɗai aka lissafa sun gama, tasu ce ta ɗaya, nasarar farko ta Porsche a wannan tsere. Ya riga ya yi wa matarsa alkawarin in ya ci zai daina, yana da shekara 42 ya ajiye hularsa.